Wa Ya Zuba Mai a Rijiya?

Zancen cewa akwai man fetur kwance a ƙarƙashin ƙasar Sakkwato da Kabi ya girmi yawancin masu yin sa a yau. Ana yin sa a majalisar dattawa bayan la'asar, ana yin sa a tashar mota a Jega da Birnin Kebbi, 'yan siyasa kuma kan farfaɗo da shi idan zaɓe ya matso. Ya ƙara kauri a 2011 lokacin da Nijar ta buɗe matatarta a kusa da Damagaram, ya sake tashi a watan Nuwamban 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Mutumin Cheberu ko Kambaza ko Dalijan bai yi laifi ba idan ya ce: Allahn da ya ba maƙwabta, me zai hana ya ba mu?

Masu wannan zance suna da abin nunawa, ba fatar baki kaɗai ba. Akwai yanar nan mai launin bakan gizo da ke kwanciya a kan ruwan fadama. Akwai baƙin abu da injin haƙar burtsatse kan tofo idan ya yi nisa. Akwai warin da kan fito daga sabuwar rijiya. Sai kuma labarin da ya fi kowanne yawo a Najeriya, daga kudu har arewa: an jefa guga an jawo ruwa yana warin fetur, a wani wurin ma har a ƙyasta ashana ya kama. Abin da idon mutane ya gani gaskiya ne, hancinsu kuma bai yaudare su ba. Fassarar da ake yi wa abin ita ce ke buƙatar a zauna a kanta, domin shaidar da aka fi yi wa murna a cikin huɗun nan ita ce wadda ya kamata ta hana mai gari barci.

Sai an fara da ƙasar kanta. Inda Gwandu da Kalgo suke a yau gefen wani ƙaton kwari ne da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya ratsa Mali da Nijar ya shigo Najeriya ta arewa maso yamma. Ɓangarenmu shi ake kira kwarin Sakkwato. Shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ya sha shigowa wannan kwari yana ja da baya, kuma ya bar sawunsa. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato ragowar halittun teku ne. A ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da irinta ya ƙare, har masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Bayan tekun ya tafi, koguna da tafkuna suka yi ta jibge yashi da yumɓu, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ta saman, wadda ta rufe yammacin kwarin, ita ce littattafan ilimin ƙasa na duniya suka sani da sunan Gwandu. Tuddan nan masu shafaffen kai da jar marmara a bisansu, waɗanda matafiyi ke hange a wannan yanki, nata ne.

Ba a san cikinta sosai ba sai a shekarun 1960, lokacin da hukumar binciken ƙasa ta Najeriya da takwararta ta Amurka suka bi kwarin suna haƙa rijiyoyin gwaji. H. R. Anderson da William Ogilbee ne suka fitar da rahoton aikin a 1973, Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya shafe shekaru yana bin duwatsun yankin. Abin da ya bayyana shi ne shimfiɗar Gwandu hawa uku ce: yashi a sama wanda rijiyoyin guga ke sha daga gare shi, yumɓu mai kauri a tsakiya, sai wani yashin mai ruwa a ƙasa wanda yumɓun ya danne. Wannan dannewar ce ta sa a wasu wurare na kwarin Gulbin Kabi, wajejen Argungu da Birnin Kebbi, idan aka huda yumɓun sai ruwa ya taso da kansa ba inji ba famfo.

Tunda teku ya taɓa kwanciya a nan, fatan samun mai yana da tushe, domin daga matattun ƙananan halittun ruwa ɗanyen mai ke samuwa. Sai dai dole a binne su da zurfi, galibi kilomita biyu zuwa huɗu, inda zafin ƙasa ya isa ya dafa su tsawon miliyoyin shekaru. Rijiyar Oloibiri da ta fara ba Najeriya mai a 1956 ta zarce mita 3,000. A Neja Delta kaurin shimfiɗun ya kai kilomita goma a wasu wurare. A namu ɓangaren, awon farko ya nuna kilomita ɗaya ne da 'yan kai kafin a taɓa dutsen gindi, yana ƙara kauri idan an nufi Nijar. Man Nijar ɗin ma daga Agadem yake fitowa, can gabas a jihar Diffa, a wani kwari daban mai zurfin gaske. Ko akwai mai a kwarin Sakkwato ko babu, injin haƙa mai dogon zango ne zai yanke hukunci, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware asusu don irin wannan nema. Rijiya mai gaba goma ko ashirin dai ba ta da ta cewa a wannan shari'a.

To, me mutane suke gani ke nan?

Yanar kan ruwa ta fi sauƙin warwarewa. Ƙasar Gwandu cike take da ƙarfe. Jar marmara shaida ce, haka ma ruwan burtsatsen da ke fitowa garau, ya kwana a bokiti ya wayi gari ja, ya ɓata farin yadi a wanki. Idan ruwa mai ɗauke da narkakken ƙarfe ya tsattsafo a gefen fadama ya haɗu da iska, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan rayu a kansa, su bar siririyar yana mai sheƙi. Gwajinta ba ya cin ko kwabo. Ka sa kara ka tsaga ta. Idan ta farfashe gutsi-gutsi ta ƙi komawa, tsatsa ce. Idan ta murɗe ta bi karan sannan ta koma ta haɗe, mai ne, sai ka waiga ka ga ko akwai injin ban ruwa a kusa.

Baƙin abin da injin haƙa ke tofowa gawayin ƙasa ne da bai gama nuna ba, ragowar itatuwa da ciyayin tsoffin fadamu da yashi ya binne. Idan ya bushe yana iya cin wuta, shi ya sa yake rikita mutane. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa iskar farar wuta ce da ke taruwa a ruwan da ya daɗe bai ga sarari ba, kuma takan tashi idan ruwan ya sha iska.

Saura ta huɗu, kuma gaskiya guda ta warware rabinta: ƙasa ba ta haifar da fetur. Abin da ke fitowa daga ƙasa ɗanyen mai ne a gauraye. Inda ya tsattsafo da kansa har ya kai sama, irin na Agbabu a jihar Ondo, kwalta ake gani baƙa ƙirin mai danƙo, domin sassansa marasa nauyi sun daɗe da tashi. Fetur da kananzir da man gas sai an dafa ɗanyen a matata an rarrabe su, an kuma zuba musu sinadaran da ɗan Adam ya haɗa. Duk rijiyar da ta ba da abin da za a ɗura wa babur ya tashi, hannun mutum ne ya kai shi can. Abin tambaya daga nan shi ne daga tankin wa ya tsiyayo, tun yaushe, kuma ina ya dosa.

Mutanen Baruwa a ƙaramar hukumar Alimosho ta Legas sun ɗanɗana wannan. Tun tsakiyar shekarun 1990 rijiyoyinsu suka fara wari, daga baya guga ya riƙa fitowa da fetur a saman ruwa. Bututun NNPC mai ɗauke da tataccen mai ya bi ta unguwar, yoyonsa kuma ya sauka ya kwanta a kan ruwan da suke sha. Rijiyoyi sama da ɗari suka mutu, magidanta suka koma sayen ruwa. Bayan shekara kusan ashirin masana daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure suka je suka auna, suka tarar man yana nan.

Binciken da ya fi nuna yadda ake gano mai laifi a ƙarƙashin ƙasa shi ne na ƙasar Ogoni a jihar Ribas. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta shafe wata 14 tana aiki a can. Ta duba wurare sama da 200, ta haƙa rijiyoyin sa ido 142, ta gwada samfura sama da 4,000, ta miƙa rahotonta ga Shugaba Goodluck Jonathan a watan Agustan 2011. Ogoni ƙasar ɗanyen mai ce, don haka kowa zai zaci duk gurɓatar daga rijiyoyi da bututan ɗanyen mai take. Amma a Nisisioken Ogale, cikin ƙaramar hukumar Eleme, masu binciken sun tarar da mai kaurin santimita 8 yana iyo a kan ruwan da rijiyoyin mutane ke sha, kuma tatacce ne. A cikin ruwan akwai sinadarin MTBE, wanda babu shi a ɗanyen mai ko kaɗan, sai dai a zuba shi a fetur don ya ƙone da kyau a inji. Wannan ya mai da hankalin masu bincike ga bututun NNPC na tataccen mai da ya bi ta wurin, da wata malala da aka ce ta auku sama da shekara shida kafin nan. Sinadarin benzin da ke cikin ruwan shan mutanen ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya fiye da sau 900. Da shi suke sha, da shi suke girki, da shi suke yi wa jarirai wanka. Da yawansu sun san ya gurɓace, amma ba su da wani.

Benzin ɗin nan shi ne babban abin tsoro a cikin fetur, domin an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Iyakar da aka yarda da ita a ruwan sha giram goma ne kacal a cikin lita miliyan ɗaya. Fetur ɗin da muke saye yana ɗauke da shi aƙalla misalin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ke nufin benzin ɗin da ke cikin lita ɗaya zai iya tsallakar da ruwa lita kusan 900,000 ya wuce iyaka. Ya fi yawancin 'yan uwansa saurin narkewa a ruwa, saboda haka yana iya isa rijiyar maƙwabci a ma'aunin da ke cutarwa alhali hanci bai ji komai ba. Wari ƙararrawa ce mai kyau idan ya zo, amma rashinsa ba takardar shaidar tsabta ba ce.

Akwai wani abin da ke ƙara wa labarin rijiyar fetur ban mamaki, shi ne zuwa da tafiyar warin. A yi wata biyu ana ji, sai ya ɗauke, baɗi ya dawo, har wasu su fara zargin iskoki ko sammu. Dalilin yana cikin halin man. Idan ya tsiyaya daga tanki yakan bi yashi ya gangara, wani ya maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashin, saura ya isa ruwa ya kwanta a samansa tunda bai kai shi nauyi ba. Damina ta zo, ruwan ƙasa ya hau, ya ɗaga man ya shafa shi a yashin sama, wani kuma ya nutse a kulle cikin ƙananan ƙofofin yashi. Bazara ta zo, ruwan ya ja baya, man da ke kulle ya samu hanya ya tsiyayo cikin rijiya. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, ko da an daɗe da toshe yoyon. Wanda ya zo ya ɗibi ruwa sau ɗaya a lokacin da warin ya kwanta, ya rubuta cewa lafiya lau, ya cuci garin.

Shi ya sa aikin yake buƙatar rijiyoyin sa ido. Irin wannan rijiya siririya ce, bututun roba mai faɗin inci biyu zuwa huɗu, kuma ba a sha daga gare ta. Ana yi wa bututun tsage-tsage daidai inda saman ruwa ke hawa da sauka tsakanin damina da rani. Wannan shi ne wurin da ɗan kwangilar da bai san aikin ba ke kuskurewa: idan ya nutsar da tsagen can ƙasa yadda ake yi wa burtsatsen sha, man zai wuce ta sama ba a gan shi ba. Ana zuba tsakuwa wankakkiya a gefen tsagen, a toshe sama da yumɓu da siminti don kada ruwan sama ya bi jikin bututun, a sa murfi a datse da kwaɗo.

Ɗaya ba ta isa. Mafi ƙaranci uku, a girke su kamar duwatsun murhu, kada a jera su a layi. Safiyo ya auna tsayin bakin kowacce, sannan a saka awo a ga nisan ruwa daga bakin. Da an cire wannan daga wancan, an san inda ruwan ya fi tudu da inda ya fi gangare, an san ke nan ina yake tafiya, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangare yake bi, sai dai a hankali, kuma ba lallai ya bi gangaren da ido ke gani a sama ba. Sai a tabbatar ɗaya tana bayan wanda ake zargi, ta inda ruwan ke fitowa, sauran suna gabansa. Idan ta baya ta fito da tsabta na gaba suka fito da mai, to, mafarin yana tsakani. Idan ta bayan ma ta gurɓace, mai gidan man da ake ta zagi yana iya zama shi ma abin ya biyo ta kansa ne, sai a ƙara gaba. Wannan tsari yana kare mai gaskiya kamar yadda yake tona mai laifi, kuma ya kamata masu gidajen mai su fi kowa son sa.

Ana zura wata igiyar awo mai na'ura a baki, wadda ke yin ƙara iri ɗaya idan ta taɓa mai, wani iri idan ta taɓa ruwa, a san kaurin man. A kwashe ruwan da ya kwana a bututun, a ɗibi sabo a ƙananan kwalaben gilashi, a cika su maƙil ba ko kumfa ɗaya, domin benzin yana tserewa cikin duk iskar da aka bari. A sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin kwanaki kaɗan. Can akwai na'urar da ke warware man sili-sili ta fitar da zanensa. Zanen fetur daban, na kananzir daban, na man gas da baƙin man inji daban. Tsohuwar malala ta rasa sassanta marasa nauyi, sabuwa tana tare da su. Har shekarun malala ana iya ƙiyastawa: fetur ɗin da aka sayar a Najeriya har farkon shekarun 2000 yana ɗauke da dalma, ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuma sun gama daina irinsa a farkon 2006, don haka sinadarin dalmar fetur a cikin samfuri yana nuna yoyon ya daɗe.

Abin da dogon sa ido ke koyarwa an gan shi a Bemidji, jihar Minnesota ta Amurka. A 1979 bututu ya fashe a can ya zubar da ɗanyen mai lita kusan miliyan 1.7 a ƙasa mai yashi. Tun 1983 masana suke auna wurin har yau. Sun gano ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cinye abin da ya narke a ruwa, shi ya sa gurɓatar ba ta yi nisan da aka ji tsoro ba, ta tsaya a 'yan ɗaruruwan mitoci. Sun kuma gano man kansa yana nan kwance bayan shekara 40. A Ejama-Ebubu ta ƙasar Ogoni ma UNEP ta tarar da gurɓatar malalar da ta kai shekara 40 da aukuwa, kuma ta ƙiyasta gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan ɗaya a matsayin kuɗin farawa.

Mu dawo gida. Babu bututun mai da ya ratsa ƙasar Gwandu. Wanda ya taso daga Kaduna ta Zariya a daffon Gusau ya tsaya. Kowace litar da ake ƙonawa a Cheberu ko Kalgo a bayan tanka ta zo, kuma wannan ya taƙaita wuraren da mai bincike zai fara leƙawa.

Na farko tankunan da ke binne a gidajen mai. Ƙarfe ne a cikin ƙasa, damina na jiƙa shi kowace shekara, kuma ba wanda ke ganin bayansa. Amurka ta yi doka kan irin waɗannan tankuna a 1984, kuma daga lokacin an tabbatar da yoyo sama da 500,000 a can, a ƙasar da ke da kayan aiki da masu duba. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya kai lita 1,500 a shekara. Manaja yana ganin giɓi a littafi, ya ɗora wa zafin rana ko ya zaftare albashin yaron famfo, alhali man yana gangarawa ƙarƙashin ƙafarsa. Na fi damuwa da gidajen man da aka rufe. A zamanin tallafin mai sun yawaita a hanyoyin da suka nufi iyakar Nijar da Binin, irin wadda ta tashi daga Kalgo ta bi Bunza zuwa Kamba. A Nuwamban 2019 gwamnati ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Mayun 2023 kuma aka cire tallafin. Gidan man da ciniki ya mutu masa ana cire famfo ne a kulle ƙofa, tankin kuwa yana nan a ƙasa da ragowar da ke gindinsa.

Na biyu faɗuwar tanka. Bayan abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙan su, hankalin kowa yana kan gobara. Amma tankar da ta faɗi ba ta kama wuta ba ita ma ta bar baya da ƙura, domin dubban litocin da ƙasa ta shanye a gefen titi ba kasafai ake bin sawunsu ba. Sai kuma ɗakunan da 'yan bumburutu ke jibge duro da jarkoki a tsakiyar gidaje, taku kaɗan daga rijiya, da ramin da bakanike ke juye baƙin mai.

Na ƙarshe ya fi shafar talaka kai tsaye, kuma ba a cika kawo shi ba. Tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990 injin ban ruwa ya bazu a fadamun Kabi, ya ƙara yawa bayan an ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Injin yana zaune ne a bakin bututun da aka kafa, a wurin da ruwa bai wuce 'yan mitoci ba. A nan ake tsiyaya masa fetur daga jarka, a nan ake juye masa baƙin mai, kuma daga bakin tiyon manomi da 'ya'yansa ke sha idan rana ta take. Abin da kowane inji ke zubarwa kaɗan ne. Injinan ne dubbai, kuma an yi shekara 30 ana yi. Faranti ko tsohon kwano a ƙarƙashin injin, da matsar da jarka nesa da bakin bututu, sun isa su rage abin sosai. Manoman da tsadar mai ta tura ga injin hasken rana sun yi wa ruwansu alheri ko ba su yi niyya ba.

Duk wannan ya shafi yashin sama ne, wanda ba shi da murfi. Na ƙasa yumɓu ya kare shi. A 1980 masana biyu Jamusawa, Geyh da Wirth, suka wallafa awon shekarun ruwan da ke danne a shimfiɗar Gwandu, suka nuna ya yi dubban shekaru a ƙasa, kuma 'yan mitoci kaɗan yake matsawa a shekara. Ruwa ne da ya sauka tun kafin a kafa Birnin Kebbi, tun kafin Shehu Abdullahi ya zauna Gwandu, kuma muna tarayya a kansa da mutanen Nijar. Irin wannan idan ya gurɓace ba ya wanke kansa a rayuwar mutum ɗaya. Kowace burtsatse huda ce a jikin yumɓun da ke kare shi. Idan mai haƙa ya yi rowar siminti bai toshe gefen bututu ba, ya buɗe wa ruwan sama hanya zuwa ƙasa, da duk abin da ya narke a cikinsa. Gidajen mai da yawa suna da burtsatse a harabarsu, suna ba maƙwabta ruwa sadaka, Allah ya saka musu. Wannan burtsatsen, mai taku kaɗan daga tanki, ita ce ta fi kowace cancantar gwaji a garin.

Dokoki da hukumomi akwai su. An kafa NOSDRA a 2006 don malalar mai, NESREA a 2007 don kare muhalli, NMDPRA kuma ta gaji tsohuwar DPR a 2021 wajen ba gidajen mai lasisi. Idonsu ya fi karkata ga Neja Delta, kuma da dalili. Abin da garuruwanmu suka fi buƙata shi ne awon farko, wato a san yadda ruwan yake tun kafin a ji wari. In babu wannan, ranar da rigima ta tashi mai tanki zai ce haka ruwan yake tun fil azal, mutanen gari su ce ƙarya ne, alƙali kuma ba shi da abin riƙewa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ta fara zama a Kalgo, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗaliban kimiyya kowace shekara, kowannensu yana neman abin da zai yi bincike a kai. Rijiyoyin gari da ke kewaye da gidajen mai sun isa a fara da su kafin a haƙa ko ɗaya sabuwa.

Idan kuwa rijiya ta riga ta yi warin fetur, a daina sha da girki da ita nan take. Tafasawa ba ta da amfani a nan, tururin gubar kawai za ta watsa a ɗaki. Kada a matso da fitila ko sigari. Kada a bar mai yasa ya shiga, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin rijiya yake taruwa, yana sumar da mutum kafin a jawo shi. Kada a sa inji a ce za a zuƙe, zuƙar ƙara janyo man take yi daga inda yake. A rubuta ranar da aka fara jin warin da nisan ruwa daga bakin rijiya, a zagaya rijiyoyin maƙwabta a ga waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, a kai wa hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha a rubuce.

Daga gwamnatin jihar Kebbi da NMDPRA kuwa abin da nake nema bai da yawa. Kowane gidan mai da ke kan hanyar Jega zuwa Kalgo da Birnin Kebbi da Kamba, mai aiki da wanda aka rufe, ya kasance yana da rijiyoyin sa ido uku. A gwada su sau biyu a shekara, a ƙarshen bazara da ƙarshen damina. A liƙa sakamakon da Hausa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi. Wanda ya rufe gidan mansa kuma a tilasta masa tono tankin, a duba ƙasar da ke ƙarƙashinsa, kafin a yarda ya sayar da filin.